Yadda za ka ce "da na sani" da Turanci ba tare da ka kwafsa ba

Akwai wata ɗaliba da nake koya wa Turanci a lesin ɗin yamma, ranar nan ta shigo aji ranta a ɓace, ashe an rufe shafin neman wani tallafin karatu da ta daɗe tana jira, ita kuma ta tsaya sai an gyara mata wata takarda har ranar ƙarshe ta zo ta wuce. Da ta zauna sai ta dube ni ta ce, Malam, "if I know I will apply since." Na gane abin da take nufi sarai, kowa ma a ajin ya gane, abin da ke ranta shi ne da na sani da tuni na cike fom ɗin nan. Amma fa wanda ba Bahaushe ba kuma ba ɗan Najeriya ba in ya ji wannan jimlar zai ɗauka har yanzu akwai dama, wato tana jiran ta samu labari ne sannan ta nema. Ranar sai na ajiye darasin da na shirya muka yi awa ɗaya cur a kan wannan kawai, shi ne na ga ya kamata in rubuta shi saboda masu shirin WAEC da NECO da JAMB da masu zuwa intabiyu, don wallahi wurin nan yana kayar da mutane sosai, har da waɗanda Turancinsu ke gudu a sauran wurare.

Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zo wurina shi ne, kai mai jin Hausa ka riga ka iya wannan abin tun kana ƙarami, ba sabon tunani za ka koya ba. Duba yadda muke faɗi: da na sani, da na zo. "Da" guda biyu ce a ciki, ta farko tana riƙe da abin da bai faru ba, ta biyun tana riƙe da abin da zai biyo baya a ce ya faru. Kuma ba ma taɓa rikita ta da "idan". Ko yaro ɗan shekara 6 ya san bambancin "idan na samu kuɗi zan sayi keke" da "da na samu kuɗi da na sayi keke", a ta farko akwai sauran fata, a ta biyu kam an riga an wuce wurin. To Turanci ma ya raba su, sai dai shi kalma ɗaya tal yake da ita, if, ita ce "idan" ita ce kuma "da", saboda haka sai ya ɗora wa aikatau nauyin nuna wanne ake nufi. In ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Ga yadda ake ginin. Inda ka sa "da" ta farko, Bature zai ce if, sai mai yin aikin, sai had, sai siga ta uku ta aikatau, wato irin known daga know. Inda ka sa "da" ta biyu kuma zai ce would have, sai siga ta ukun. Da na sani da na zo, shi ne "If I had known, I would have come." Da na nema da wuri da na samu, "If I had applied early, I would have got it." Da ba mu makara ba da ba mu rasa motar ba, "If we hadn't been late, we wouldn't have missed the bus." Kana iya juya su ma, ka fara da ɓangaren would have ka ƙare da ɓangaren if, ma'anar ba ta canzawa, waƙafin da ke tsakiya ne kawai ake cirewa. A littattafan nahawu za ka ga an kira wannan third conditional, ka san sunan saboda jarrabawa amma kar ka bari ya tsorata ka, "da... da" ɗinmu ce.

Yanzu batun siga ta uku, nan ne zan ɗan daɗe, don a nan aka fi zubewa. Kowane aikatau na Turanci yana da siga uku da ake haddacewa, ta yanzu, ta abin da ya wuce, sai ta ukun da suke kira past participle. Mafi yawansu ba su da wahala, ed kawai ake liƙa musu kuma ta biyu da ta uku iri ɗaya ce, kamar apply, applied, applied ko call, called, called. Masu taurin kan su ne irin su go, went, gone da see, saw, seen da write, wrote, written da take, took, taken da do, did, done da speak, spoke, spoken, sai kuma irin come, came, come da run, ran, run waɗanda ta ukunsu ke komawa kamar ta farko. Dokar ba ta da togiya: duk inda ka ga have ko had a irin wannan ginin, ta uku ce ke biyo baya. Shi ya sa "I should have went" kuskure ne ko da ka ji wani a fim ya faɗa, daidai shi ne "I should have gone." Haka "if I had saw him" ba daidai ba ne, "if I had seen him" ake cewa. Ni dai shawarata ka samu takarda guda ka rubuta aikatau 30 da ka fi amfani da su a rayuwarka ta kullum, ka liƙa a bango kusa da inda kake cajin waya, ka riƙa rera su uku-uku da baki kamar yadda muka yi hadda a makarantar allo, kar ka tsaya karantawa da ido kawai. Baki ne ke buƙatar sabawa, don ranar intabiyu babu lokacin tsayawa tunani.

Wani kuskuren da nake yawan gyarawa da jan biro shi ne sa would a ɓangarori biyun, "if I would have known, I would have come." Na san dalili, mu "da" ɗaya muke maimaitawa sau biyu sai mutum ya ga ai Turancin ma sai a maimaita. Za ka iya jin wasu Amurkawa suna faɗin haka a hira, amma a takardar jarrabawa maki zai ci maka. Ɓangaren if na had ne, would na ɗaya ɓangaren.

Kuma ka lura da yadda suke taƙaitawa a magana, don shi ne ke sa mutum ya kasa ganewa in yana sauraro: "If I'd known, I'd have come." I'd ta farko I had ce, ta biyun I would ce, rubutu ɗaya ma'ana biyu. Yadda za ka bambance, in have ta biyo baya to would ce, in siga ta uku ce ta biyo kai tsaye to had ce.

Wani lokaci abin da ya wuce ne amma ciwonsa yau kake ji, kamar mutum ya ce da na ƙarasa karatuna da yanzu ina aikin asibiti. A nan ɓangaren farko yana nan yadda yake, na biyun kuma sai ka sauke have ɗin ka sa aikatau a sigarsa ta farko tunda maganar yau ce: "If I had finished my studies, I would be working in a hospital now." Kalmar "yanzu" a Hausarka ita ce alamar, da ka ji ta ka san would kaɗai za ka sa.

To sai should have, wadda a gaskiya ta fi ko wacce yawo a bakin mutane saboda gajeruwa ce ba ta buƙatar ɓangare biyu. Ita ce "ya kamata a ce na yi", ko "kamata ya yi in yi", ga shi kuma ban yi ba. "I should have saved some money," ya kamata a ce na yi tanadi. "I should have listened to my father," ya kamata a ce na ji maganar baba. In kuma ka yi abin ne kake da-na-sanin yinsa, sai not ta shiga tsakanin should da have, "I shouldn't have sold that land," bai kamata in sayar da filin nan ba. Ƙannenta biyu suna tafiya a kan gini ɗaya amma abin da suke ɗauke da shi daban. Could have dama ce ta zo hannu ba a yi amfani da ita ba, "I could have studied in Zaria, but I stayed at home," wato na samu halin yin karatu a Zariya amma na zauna gida, babu lallai laifi a ciki, labarin ƙofa ce da ta buɗe ba a shiga ba. Might have kuma ta wataƙila ce, "I might have passed if I had slept well," wataƙila da na ci. Saboda haka in kana ganin laifinka ne ka ɗauki should, in damar kake tunawa ka ɗauki could, in ba ka da tabbacin yadda abin zai kaya ka ɗauki might.

A baki should have tana fita kamar "shudav", wasu ma "shuda" za ka ji sun ce, shi ya sa ko Turawan kansu suke rubuta should of a Facebook da WhatsApp. Wannan of ɗin ba ta da gurbi a nan ko kaɗan, sautin ne ya yaudare su, kai dai rubuta should have ko should've.

Akwai kuma wadda muka aro daga Turancin kasuwa, "I suppose to travel yesterday." Daidai shi ne "I was supposed to travel yesterday," da was a gaba da d a ƙarshen supposed, ma'anarta an tsara in yi tafiya jiya amma hakan bai yiwu ba. Ita ba nadama ce zalla ba, ta fi kama da shiri ne ya wargaje.

Mu koma kan "ina ma" da "da ma". Ina ma na karanci likitanci, da ma ban faɗa masa ba. Turancinsu wish ne, kuma sirrin wish ɗaya ne, kullum tana ja da baya taki ɗaya. In abin na yanzu ne sai ka faɗe shi kamar ya wuce, "I wish I had a car," ina ma ina da mota, yanzu ɗin nan ake magana duk da had da ka gani. "I wish I knew the answer," ina ma na san amsar. In kuma abin ya riga ya wuce ne sai ka ƙara ja baya ka sa had da siga ta uku, "I wish I had known," ina ma na sani a lokacin. "I wish I hadn't told him," da ma ban gaya masa ba. Dubi biyun nan da kyau, I wish I knew da I wish I had known, masu tsara tambayoyin cike gurbi a WAEC da JAMB suna son jera su a zaɓi ɗaya, abin da za ka nema a jimlar shi ne ko akwai alamar lokaci irin yesterday ko last year ko then, in akwai to had known ce. If only ma haka take aiki sak, sai dai ta fi zafi, irin wadda ake faɗa da ajiyar zuciya, "If only I had called her that night." Za ka kuma ga "I wish I were there" da were maimakon was, kar ka ɗauka kuskuren bugu ne, a rubutu na hukuma da jarrabawa were aka fi so, a hira kuma was ma tana wucewa.

Kar ka haɗa wish da hope. Mu "ina fata" muke cewa mu wuce, sai ɗalibi ya rubuta wa abokinsa "I wish you will pass your exam," alhali abin da zai iya faruwa nan gaba hope ake sa masa, "I hope you pass your exam." Wish in jimla cikakkiya ta biyo ta, to abin da babu shi ake magana. Amma "I wish you success" ko "I wish you a safe journey" daidai ne, wannan addu'a ce da gini daban.

Ita kanta kalmar regret ba ta son rakiya. Ina yawan ganin "I regret for not going" ko "I regret of what I did," babu for babu of. Aikatau mai ing ne ke bin ta kai tsaye, "I regret leaving school," na yi nadamar barin makaranta, "I regret not applying," na yi nadamar rashin nema. In ka ga kalmar "to" ta Turanci ta biyo ta kuwa, magana ta canza gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa neman aiki ko gurbin karatu ya san imel ɗin nan da ke farawa da "We regret to inform you," wannan ba nadamar abin da ya wuce suke ba, suna ba ka haƙuri ne a kan labarin da za su faɗa maka yanzu, kamar mu ce muna baƙin cikin sanar da kai.

"Had I known" kuma kusan kowa a Najeriya ya san ta, har ta zama kamar suna, ka ji ana ce wa yaro ya yi hankali kar ya yi had I known, daidai da yadda mu muke cewa da na sani ƙeya ce. Asalinta dai "If I had known" ce aka cire if aka dawo da had gaba, kuma a Turancin rubutu ba ta tsayawa ita kaɗai, sai ka ƙarasa ta, "Had I known about the deadline, I would have applied." In ka sa ta sau ɗaya a insha'i ko wasiƙar ofis tana ƙara wa rubutu kwarjini, amma kar a cika.

Wani abin da littafi ba ya cika koyarwa shi ne wa kake faɗa wa. "I should have" a kanka take, ba ta da matsala. Amma da ka juya ta ta koma "You should have told me," ta zama zargi, ai kamata ya yi ka gaya min. Tsakaninka da ƙaninka ko abokinka ba komai, amma ka dubi oganka a ofis ko malaminka a jami'a ka ce masa haka, ka yi rashin kunya ba ka sani ba. Yadda ba za ka ce wa dattijo laifinka ne a Hausa ba, sai dai ka ce ranka ya daɗe da labarin ya iso ni da wuri da an yi, to haka za ka yi a Turanci, ka cire shi daga jimlar ka ce "I wish I had known earlier, sir," ko "It would have helped if I had heard earlier." Sannan in ka kai wa wani kyauta ya karɓa yana murmushi ya ce "Oh, you shouldn't have!" kar ranka ya ɓaci, ba cewa yake ka yi laifi ba, irin namu ne na "haba, har da wahala haka?"

Akwai wani ɗalibi da ya taɓa tsayar da ni a kan wannan darasin, ya ce Malam ba an hana mu cewa "da" ba? Tambayar ta yi min daɗi don ta nuna yana tunani. Hadisin yana nan, Muslim ya ruwaito shi daga Abu Huraira, cewa in wani abu ya same ka kar ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Amma kuma ya tabbata a hajjin bankwana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi cewa da ya san abin da ya sani daga baya tun farko da bai koro hadaya ba. Malamai sun yi bayanin cewa wadda aka hana ita ce ta jayayya da ƙaddara da cin rai, ba ta karantarwa ko ta kwaɗayin alheri ba. Ni malamin Turanci ne, zurfin wannan sai a koma wa ma'abotansa, abin da na ce masa kawai shi ne sanin yadda ake gina jimlar dole ne tunda za ka karanta ta kuma za a tambaye ka ita.

Kuma lallai ana tambaya. A intabiyun aiki suna son su ce ka ba su labarin wani kuskure da ka taɓa yi. A jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS ma, ɓangaren magana da ke ɗaukar minti 11 zuwa 14, kashi na biyu za a miƙo maka kati da maudu'i, a ba ka minti 1 ka shirya sannan ka yi magana har zuwa minti 2, kuma labarin abin da ya taɓa faruwa da kai yana yawan fitowa, to a ƙarshen irin wannan labarin jimla ɗaya mai "if I had" da ta fita daidai tana nuna wa mai jarrabawar ka iya gini mai wuya. Yadda nake sa ɗalibaina su jera shi: ka faɗi abin da ya faru a sauƙaƙe, sai jimla ɗaya ko biyu ta nadama, sai abin da kake yi yanzu. Misali, "Last year I missed a scholarship because I waited until the last day. I should have started earlier. If I had prepared my documents in time, I would have applied. Now I keep copies of everything on my phone." Jimla huɗu ke nan, kuma ta ƙarshen ce mai ɗaukar aiki ya fi son ji.

Aikin da na ba ajin ranar, kai ma ka yi shi yau da daddare. Ka rubuta abu 5 na gaske daga rayuwarka da Hausa tukuna, kowanne da "da... da", kar ka ƙirƙira, na gasken ne ke zama a kai. Ka ja layi a ƙarƙashin aikatau na kowane ɓangare, ka nemo siga ta ukunsa, sannan ka juya kowace jimla sau uku, da if I had, da I should have, da I wish I had. Jimla 15 ke nan. Ka ɗauki muryarka a waya kana karanta su, gobe da safe ka saurara ka duba ko have ɗin nan tana fita ko haɗiye ta kake yi, don da yawa suna rubuta ta daidai amma a baki sai ka ji "I would come" maimakon "I would have come", wanda ya mayar da maganar wani lokaci daban. Ita ɗalibar tawa jimlarta ta farko da ta rubuta a allo ita ce "If I had known the closing date, I would have applied two weeks ago," na ce ta goge ta sake rubutawa da wish, ta tsaya ɗan jim da alli a hannu sannan ta rubuta "I wish I had applied two weeks ago."